Jar Sitika a Gilashin Gwaggo

Litinin, 3 ga Maris

Yau dokar hayaƙi ta fara aiki. Kowace motar haya sai ta zo wurinmu an gwada ta. Wadda ta ci a manna mata koriyar sitika a gilashi, wadda ta faɗi a manna mata ja, kuma mai ja ba ta sake shiga tsakiyar gari. Abin da muka yi watanni muna koyo a aji mai sanyi, yau ga shi a ƙarƙashin rumfar kwano bayan tsohon gareji, zafi kamar a bakin murhu.

Aikin kansa ba wuya. In durƙusa a bayan mota, in zura bakin na'ura cikin salansa, in ɗaga wa direba hannu ya taka totur. Na'ura ta yi ɗan tunaninta ta kunna fitila. Wuyar tana fuskar direba idan fitilar ta yi ja.

Kafin rana ta raba direbobi sun raɗa min suna, wai Sarauniyar Salansa. Dogo, abokin aikina da ke layi na biyu, ya ce in gode wa Allah, shi nasa sunan ba ya faɗuwa a gaban mata.

Na dawo ɗaki na fyace hanci, baƙi ƙirin. Ta cikin takunkumi ke nan.

Motar Yaya tana cikin waɗanda za su zo ƙarshen wata. Ban yi masa maganar ba, bai yi min ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Shugaban sashenmu ya zo duba aiki. Mai-Turare muke ce masa a bayan idonsa, don ƙamshinsa ke riga shi shigowa. Ya tara mu ya yi jawabi: iskar kabon, ɗumamar duniya, huhun 'ya'yanmu. Duk gaskiya ne, abin haushin ke nan, babu kalma ɗaya da ban yarda da ita ba. Sai dai duk tsawon jawabin motarsa na kunne a bakin ƙofa, direba na sanyaya masa kujera. Janaretan da ke ba na'urorinmu wuta kuwa yana bayan rumfa yana tuttuɗo hayaƙin da ya fi na kowace bas da na kayar yau. Dogo ya raɗa min, "Mu zura masa na'urar mana mu gani." Na danne dariya har ƙirjina ya yi zafi.

Ya nuna mana sababbin bas masu lantarki a bayan shinge, farare tas, a jere, ledar kujerunsu ma ba a cire ba. Wai su za su maye gurbin waɗanda muke kayarwa. Na tambaya yaushe za su fara aiki. Ya ce da zarar an gama wurin caji. Na leƙa wurin cajin. Rami ne da tulin yashi, akuya na kwance a kai tana tuƙa.

Asabar, 8 ga Maris

Na je gaida Umma. Na tarar da Yaya a tsakar gida yana wanke hannu da omo, ya gama taɓa injin Gwaggo. Gwaggo ita ce bas ɗinsa. Sunan ya bi ta ne saboda mitar da take yi in za ta hau tudu, sak ta ƙanwar Baba idan aka ce ta tashi daga tabarma.

"Auta," in ji shi, "an ce yanzu ke ce mai raba 'yan aljanna da 'yan wuta a garin nan."

Na ce na'ura ce ke rabawa, ni jela kawai nake riƙe mata.

"To ki faɗa wa na'urarki Gwaggo ba taba take sha ba, tarin tsufa ne."

Umma ta yi dariya har da riƙe ciki. Matarsa ma. Ni kaɗai na kasa. Na ga abin da ya fito daga salansarta da ya tayar da ita zai tafi. Kajin maƙwabta sai da suka watse.

Umma ta rako ni ƙofa tana gyara min mayafi, ta ce, "Kin dai san motar nan ita ta kai ki inda kike." Na ce na sani, Umma. Wa zai bar ni in manta.

Talata, 11 ga Maris

Wani dattijo ya kawo bas da ta girme ni. Ja. Bai yi faɗa ba, shi ya fi ciwo. Masu zagi sun fi sauƙi, ana gama zagin an biya. Ya tsaya yana murza hularsa ya ce, "'Yata, yanzu in koma gida in ce musu me?" Na karanto masa abin da aka koya mana mu ce, a canza inji ko a jira shirin sababbin motoci. Ya saurare ni har ƙarshe cikin ladabi, kamar ina yi masa wani yare.

Da ya tafi Dogo ya ja ni gefe ya nuna min abin da na riga na lura yana yi. Ba ya zura bakin na'urar har ciki, a leɓen salansa yake barinsa, iska ta gauraya da hayaƙin, fitila ta yi kore. "Ba kowa nake wa ba," in ji shi, "sai wanda na ga in ya faɗi ba zai tashi ba." Na ce ai hayaƙin bai san an yi masa kore ba, cikin huhun mutane zai tafi abinsa. Ya dube ni ya ce, "Ke dai har yanzu yarinya ce."

Laraba, 12 ga Maris

Wani ya yi tari a bayana a mota, irin tarin Baba, sai da na waiwaya.

Baba ɗan kamasho ne a babbar tasha. Tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare yana tsaye tsakanin motoci masu kunne yana kiran fasinja. Da aka kai shi asibiti likita ya tambaye shi kwalin taba nawa yake sha. Mutumin da bai taɓa sa kara a baki ba. Yaya ne ke zubar da kwanon kakinsa. Ni ina ƙarama ana kora ta waje, amma na gani, launin toka ne. A shekarar Yaya ya ajiye makaranta ya bi mota, ya zama kwandasta, ya zama direba, har ya mallaki Gwaggo. Ni kuma na ci gaba da zuwa aji da farar safa.

Saboda kwanon nan na nemi aikin nan. Ranar da masu ɗaukar aiki suka tambaye ni dalili cewa na yi ina son kimiyya.

Yaya ya fi ni sanin abin da hayaƙi ke yi wa mutum. Shi ya riƙe kwanon.

Juma'a, 14 ga Maris

Direbobin hanyar da nake bi zuwa aiki sun daina tsaya min. In ɗaga hannu, su rage gudu har in fara matsowa, sai su ja. Ɗaya ya leƙo yau ya ce, "Sarauniya ta taka da ƙafa mana, ai ya fi wa iska lafiya." Fasinjoji suka kwashe da dariya. Na taka ɗin. Na isa wurin aiki takalmina ya cinye min dunduniya, Mai-Turare ya aiko a tambayi dalilin lattina.

Litinin, 17 ga Maris

Na kira Yaya na ce ya kai Gwaggo wurin bakanike kafin ranar gwaji. Ya ce ya kai. Bakaniken ya ce injin ya gama zamaninsa, sai dai a sauke a ɗora wani, abin da Yaya ba shi da halinsa. Sun wanke abin da ke wankuwa, sun canza baƙin mai, sun zuba wani ruwan kwalba da ake ta sayarwa a tasha tun fitowar dokar, wai yana kashe hayaƙi. Na ce Yaya, ruwan nan ba ya komai. Ya ce, "Na sani. To mutum ya zauna ya naɗe hannu?"

Muna jin numfashin juna a waya. Jira yake in faɗi wani abu, na kuma san ko mene ne.

Na ce a gaida yara.

Juma'a, 21 ga Maris

Ba na jin yunwa kwanan nan. Komai na sa a baki ɗanɗanon man dizal.

Laraba, 26 ga Maris

Ya zo.

Tun kafin in ga Gwaggo na ji mitarta a bakin ƙofa. Ya wanke ta tas, har tayoyi ya goge, shi kuma ya sa rigarsa ta fita unguwa. Dogo ya matso ya ce a hankali, "Bar min ita, je ki sha ruwa." Na so. Wallahi ƙafata har ta fara juyawa. Sai Yaya ya karya sitiyari da kansa ya shigo layina, ya leƙo ta taga yana murmushi ya ce, "Ina da 'yar'uwa a gidan nan, me zai kai ni wurin bare?"

Kowa ya ji. Da yawa daga waɗanda na kayar a makonnin nan suna jingine da shinge, ashe labari ya zaga tasha, sun zo kallon yadda Sarauniya za ta yi da jininta.

Na durƙusa a bayanta. Na san kowane lotsi a jikin ƙarfen nan. A kujerar bayan nan nake yin aikin gida in ya ɗauko ni daga makaranta. Na riƙe bakin na'urar a leɓen salansa, daidai inda Dogo ya nuna min. Na daɗe a haka, har gwiwata ta fara zafi. Na tuna dattijon nan da hularsa. Na tuna kwanon. Ban san wanne ne ya tura hannuna ba, na dai ga na zura shi har ciki.

Ja.

Na ce ya sake takawa. Ja. Na ce a bari injin ya ƙara ɗumi, wataƙila sanyi ne. Ja, har ta fi ta farko.

Ya sauko ya zagayo, ya kalli fitilar, ya kalle ni a durƙushe. Babu fushi a fuskarsa. Da ma akwai. Ya ce, "Manna mata, Auta. Ki manna daidai kar ta karkace, ke ce mai ilimin." Na manna, ta kuwa karkace. Ya sa babban yatsa ya danne gefen da ya tashi, ya shiga ya ja motarsa.

Daga shinge wani ya ce yarinyar nan ba ta da zuciya a ƙirji. Wani ya ce aƙalla ba ta da son kai. Ban san wanne ya fi ƙona ni ba. Mai-Turare ya ji labari ya kira ni ofis, ya yaba min, ya ce zai ambaci sunana a babban taro. Na fito na shiga banɗaki na yi amai.

Alhamis, 27 ga Maris

Umma ba ta ɗaga wayata.

Lahadi, 30 ga Maris

Na je da ƙafata. Matar Yaya ta amsa sallamata daga cikin ɗaki, ba ta fito ba. Yaran da suka saba rugowa su rataye a wuyana, na ji ana tsawatar musu a ciki. Umma na tsintar shinkafa a tire, ta bar ni a tsaye har sai da na rasa inda zan sa hannuna kafin ta ce in zauna.

"Na haifi mai gaskiya, Allah na gode maka," in ji ta, idonta a kan tire. "Sai a dafa gaskiyar a zuba wa yaran nan su ci."

Na fara maganar Baba. Ta ɗaga min hannu. "Kar ki sa ubanki a bakinki. Shi shan hayaƙin ya yi ya ciyar da ku, bai taɓa tare wa wani hanyar abinci ba."

Yaya ba ya nan. Ya koma bin hanyar bayan gari, wadda ta ratsa ta ƙofar gidan Umma, don can dokar ba ta hana masu ja ba. Hanyar duk ramuka, fasinja kaɗan, ga motocin da muka kora duk sun taru a kanta suna wawason mutum ɗaya.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Yau manyan motocin ɗan kwangilar da ke kwashe sharar gari suka shigo a jere. Mai-Turare ya fito da kansa, abin da bai saba ba, da damin korayen sitiku a hannu. Ya ce waɗannan ba sai an gwada ba, aikin jama'a suke yi. Na ce yallaɓai, bari dai in gwada ɗaya mu san inda suke. Kafin ya buɗe baki na zura. Na'urar ta yi ja, ta yi ƙara, ta ɗauke gaba ɗaya, sai da Dogo ya sake kunna ta. In aka jera Gwaggo da motar nan, Gwaggo turaren ɗaki ce.

Ya ce, "In aka tsayar da su wa zai kwashe miki shara? Ke?" Wai an ba su wa'adi su gyara.

Na ce Yayana ma da an ba shi wa'adi da ya gode.

Ya yi wani murmushi. "Au, ashe maganar yayanki ce. Ni na ɗauka ke ta daban ce."

Na ajiye sitikun a kan tebur na ce hannuna ba zai manna ba. Dogo ya ɗauka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana mannawa, bai yarda mun haɗa ido ba. Ban ga laifinsa ba, yana da bakuna a gida. Ko na gani ɗin. Oho.

Litinin, 7 ga Afrilu

An mayar da ni babban shataletale, mashigar tsakiyar gari. Wai ƙarin girma ne, aikin fili. In tsaya tare da jami'in hanya, in na hango mai jar sitika in nuna, shi ya tare, a ja motar zuwa ofis. Ba rumfa, ba kujera. Ambaton da Mai-Turare zai yi min a taro ke nan.

Jami'in wani mai tumbi ne mai son hira, Ofisa nake ce masa. Ba ya gani nesa, kuma bai ɓoye min ba. "Ke ce idona, ni ne hannunki," in ji shi, ya miƙo min rabin ruwan gorarsa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Mun kama ta farko. Na hango ja na nuna, Ofisa ya tare. Sai da direban ya sauko na gane shi, dattijon nan ne mai hula. Aka sauke fasinjojinsa a tsakiyar rana, wata mai ciki ta zauna a gefen titi tana tsine wa wanda ya kawo dokar da wanda ya haife shi. Shi kuwa ya gaishe ni. "'Yata, ashe nan aka dawo da ke. Sannu da rana." Ya tsaya yana kallo aka ɗaure motarsa da sarƙa aka ja.

Ofisa ya ce idona kamar na shaho. Yabo ne wai.

Asabar, 12 ga Afrilu

Kaɗan daga cikin bas masu lantarki sun fara fita. Na shiga ɗaya da gangan don in samo mata aibu. Shiru, ba wari, ba girgiza, har ina jin hirar mutanen da ke can gaba. Wata tsohuwa ta tambayi direba ko an kashe motar ne ake gangarawa. Na so in tsane ta, na kasa.

Aibun yana waje. Sun yi kaɗan, layin jira har ya sha kwana. Kuma ba a shiga da buhu ko kwando, kar a ɓata kujera. Matan kasuwa na tsaye da kayansu a ka suna kallon ta wuce, fara tas, rabinta ba kowa.

Laraba, 16 ga Afrilu

Akwai wata mai sayar da lemo a gefen shataletalen, kullum da 'yarta goye. Yau ta kira ni ta ɓare min ɗaya, ta ƙi karɓar komai. Ta ce tun da aka kori tsofaffin motocin nan yarinyar ta daina shaƙewa da safe. Da sai sun kwana biyu a asibiti duk wata. "Allah ya saka muku da alheri, 'yar'uwa."

Mutum na farko da ya yi min addu'a a kan aikin nan. Kuma gaskiyarta, mayafina ma yanzu da launinsa yake komawa ɗaki. Na tsaya ina shan lemon ina kallon yarinyar tana barci, bakinta a rufe, numfashi lafiya lau. Na ji daɗi. Har na ce a raina to ga shi nan, Umma, zo ki gani.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ni aka nuna wa.

Na sauka a bakin titin unguwarmu na rasa gane sararin sama. Duk motocin da muka kora suna nan, hanci da jela, suna gurnani a cikin ramuka, kowace na hura wa ta bayanta. Bangon gidan Umma na gefen titi ya yi baƙi har saman taga. Shanya ta koma cikin ɗaki. Ƙaramar 'yar Yaya idonta ja, hanci na zuba. Umma na tari tana cewa mura ce, ruwan sanyi ta sha.

Ashe ba kashe hayaƙin muka yi ba. Kwashe shi muka yi daga ƙofar manya muka juye a ƙofar uwata. A taswirar da ke bangon ofis tsakiyar gari ta koma koriya shar, ana ta ɗaukarta hoto. Unguwarmu ba a kafa mata na'urar awo ba, saboda haka ba ta da launi ko ɗaya. Fara ce, kamar ba mutane.

Talata, 22 ga Afrilu

Na je ofis na faɗa wa Mai-Turare abin da na gani. Ya saurare ni yana duba waya. Ya ce abin mataki-mataki ne, zango na biyu zai kai can. Na ce yaushe. Ya ce in an amince daga sama. Ya ba ni kalandar sashe mai hoton bishiya, wai in kai wa Mama.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Gwaggo ta karye. Ƙarfen ƙafar baya ya tsinke a rami da fasinja cike, Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo. Dogo ne ya kira ya faɗa min, shi ma a bakin direbobi ya ji. Daga gidanmu ba wanda ya neme ni.

Laraba, 30 ga Afrilu

Na aika wa Yaya ta wurin Umma cewa ana ɗaukar direbobin bas masu lantarki. Ban zaci zai je ba, ashe ya je. Ya ci gwajin tuƙi, ya ci na ido. Sai suka nemi takardar gama sakandare.

Ba shi da ita. Tana nan ɗakina a bango, cikin gilashi, da sunana a jiki.

Asabar, 3 ga Mayu

'Yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo sun yanka Gwaggo a ƙofar gida. Ban san abin da ya kai ni ba. Na tarar sun cire ƙofofi, suna saran rufin da gatari, yaran unguwa sun kewaye suna kallo. Yaya na zaune a dakali, hannuwansa a kan gwiwa. Kujerar direba kawai ya hana su, ya shigar wa Umma tsakar gida, wai ta fi tabarma daɗin baya.

Na zauna a ɗaya ƙarshen dakalin. Da suka zo kan gilashin gaba, mai saran ya tambaya ko ana so. Yaya ya ce a'a, su haɗa da shi.

Can ya ce, "Auta, kina cin abinci kuwa? Kin rame."

Na ce Yaya, ka yi haƙuri.

"Haƙurin me? Aikinki kika yi. Ni na kai ki makarantar da aka koya miki."

Ba da gatse ya faɗa ba, na duba fuskarsa na sake dubawa. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Sannan ya ce ya yi magana da shugaban tashar bayan gari, jibi zai fara kamasho kafin wani abu ya samu. Umma na bakin ƙofa ta ji. Ta juya ta shige ɗaki ta saki labule.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na bi ta tashar bayan gari bayan an tashi aiki. Ban shiga ba, daga tsallake na tsaya. Yana nan tsakanin motoci masu kunne, ƙaramin tawul a kafaɗa, yana kiran fasinja. Ban taɓa lura muryarsu ɗaya da Baba ba sai yau.

Na sayi kwalin takunkumi na kai wa matarsa. Ta karɓa, ta juya shi, ta ce, "An gode. Da wane bakin zai kira fasinjan?"

Talata, 13 ga Mayu

Ba wani labari yau. Zafi. Ofisa ya wuni yana ba ni tarihin ciwon gwiwarsa da duk magungunan da ya gwada.

Da hantsi wata tsohuwar bas ta ɓullo ta hanyar gabas, cike da matan kasuwa, kwanduna har kan rufi. Direban ya rataya tsumma a gilashi daidai inda ake manna sitika, kamar mai shanya. Ban san shi ba. Wani ne mai furfura a gemu, ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, ya kafe idonsa a gaba, ko gefenmu bai kalla ba. Iska ta ɗan ɗaga tsumman.

Ofisa ya ce, "Waccan fa, wane launi?"

Na ce rana ta haske min ido, ban gani sosai ba. Ya ce to, ya koma kan gwiwarsa.

Ta zagaya shataletalen ta shige gari. Hayaƙinta ya tsaya a bayanta ya daɗe bai watse ba. Mai lemo ta ja gefen zani ta rufe fuskar 'yarta, sannan ta juyo ta dube ni. Ita rana ba ta haske mata ido ba. Da aka tashi ban bi ta gabanta ba, na tsallaka ta ɗaya gefen.

Amma ai gaskiya ne, ta wannan wajen rana ke fitowa. Gobe ma ta nan za ta fito.